Ranar da Aka Kashe Injin Niƙa Saboda Agogo

Cikin duk shekarun da na yi ina gyaran agogo a Adum, cikin garin Kumasi, akwai wata Asabar da ba ta taɓa fita daga raina ba. Tun da yau mun taru, kuma yawancinku ba ku riski Masta Owusu a kan teburinsa ba, bari in ba ku labarin tun daga tushe.

A lokacin ni ne babban ma'aikacin shagon. Ga wanda bai san tsarinmu ba, mutum yakan fara ne a matsayin ɗan koyo, yana shara, yana sauya batir da maɗauri. In hannunsa ya nuna, sai a ba shi agogon bango da na tebur. Daga nan ne ake barinsa ya buɗe agogon hannu na inji, wato wanda ba ya amfani da batir, wanda ake wanawa da yatsa ko kuma motsin hannu ke wana shi. Babban ma'aikaci shi ke karɓar aiki daga hannun masu kaya, amma duk agogo mai tsada sai masta ya gani ya amince kafin a taɓa murfinsa. Masta Owusu Ba'asante ne, ya koyi aikin tun yana saurayi a wurin wani Bature, kuma ya daɗe yana hulɗa da mutanen Zango, unguwar Hausawa, har ya iya Hausa irin tasa, wadda mace da namiji duk "shi" ne. Kramo yake kirana, kamar yadda suke kiran Musulmi, kuma ban taɓa jin haushi ba don na san da ƙauna yake faɗa.

Kowace Asabar da hantsi wasu masu son agogo sukan taru a shagonmu. Akwai wani lauya mai ritaya daga Krofrom, da wani ɗan Labanan mai sayar da tayoyi, da wasu 'yan kasuwa. Kowa ya zo da abin da ya ɗauro, a kwance a miƙa, a juya, a duba bayansa, a yi ta gardama a kan wane kamfani ya fi iya aiki. Uban taron shi ne Alhaji Tanimu, mutumin Zangonmu, mai manyan motocin kaya da ke tashi daga tashar Race Course zuwa arewa. Ba ya shan taba, ba ya cin goro, tufafinsa ma ba na a zo a gani ba ne. Agogo kawai Allah ya jarabce shi da shi. Yana da akwatin katako mai shimfiɗar karan-miski a ciki, cike da agogunan Suwis, kowanne da labarin inda ya samo shi. Yakan ce shi ba zinaren ke burge shi ba, abin da ke ba shi mamaki shi ne a ce ɗan Adam ya zauna ya jera ƙarafa ƙanana kamar ƙwayar gero, su kama tafiya da kansu har su binne wanda ya ƙera su.

Sai ciwon ido ya kama shi. An je asibiti a nan, an je Ankara, babban birnin ƙasarmu, likitoci suka ce irin wanda ke cinye jijiyar ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Sannu a hankali ya daina ganin hannuwan agogo, daga baya ya daina ganin fuskar agogon gaba ɗaya. Ya daina zuwa Adum. Taron Asabar ma ya yi sanyi, don shi ne mai tayar da gardamar.

Wata ranar Talata cikin damina, a shekarun nan da ake fama da ɗauke wuta, sai ga matarsa Hajiya Memuna ta shigo shago da akwatin nan naɗe cikin zane. Hajiya mai sayar da atamfa ce, mace mai kaifin baki da saurin dariya, amma ranar ba dariya a fuskarta. Ta ajiye akwatin a gaban Masta ta ce Alhaji ya ce a sayar da su duka, wai ba shi da amfani da abin da ba ya gani. Ta ba mu labarin yadda ya koma: daga ɗaki sai masallaci, abinci kaɗan, magana kaɗan. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tambayar lokaci. Mutumin da ya yi shekaru shi ake tambaya ƙarfe nawa, yanzu sai ya jira wani ya wuce. 'Ya'yansa sun sayo masa agogon batir mai magana, ya danna sau ɗaya ya jefa shi ƙarƙashin gado, ya ce matar da ke ciki kamar faɗa take yi masa.

Masta ya tambaye ta ko mu fara neman masu saye. Sai ta ce, "Ya ce in kawo a sayar, na kawo. Amma bai ce yau ba."

Ta buɗe akwatin ta zaro wani tsohon agogo, siriri, mai farar fuska, da wani ɗan harshe na ƙarfe a gefensa na hagu. Ta ce ta tuna Alhaji ya taɓa gaya mata wai wannan yana iya faɗin lokaci da ƙararrawa. Tana so ta san ko gaskiya ne.

Gaskiya ne. Irin wannan agogon, in ka tura harshen nan sama, akwai 'yan gudumomi biyu a ciki da ke bugun zoben waya guda biyu. Murya mai kauri tana ƙirga awoyi, muryoyi biyu a jere suna ƙirga kwata, siririyar murya kuma tana ƙirga mintocin da suka rage. An ƙirƙiro shi ne tun zamanin da babu lantarki, don mutum ya san lokaci cikin duhu. Alhaji ya saye shi daga iyalan wani tsohon attajiri da suka tashi daga Kumasi. Agogon yana tafiya daidai, amma ƙararrawarsa ba ta taɓa bugawa ba tun da ya shigo hannunsa. Ya sha kawo shi, Masta yana cewa a kai shi Turai, Alhaji kuma yana dariya yana cewa ai yana da ido, me zai yi da ƙararrawa.

Masta ya girgiza kai. Ya gaya wa Hajiya cewa ƙa'idojin shagonsa biyu ne suka hana. Ta farko, ba a buɗe agogo sai da izinin mai shi. Ta biyu, ba a buɗe abin da in ya lalace ba za a samu kayansa ba, kuma wannan ko a Ankara babu mai ko da sukuru ɗaya nasa. Ya ƙara da cewa shi kansa sau ɗaya ya taɓa ganin cikin irinsa, yana tsaye a bayan Baturen da ya koya masa, kuma yanzu hannunsa rawa yake yi.

Hajiya ta ce izini dai ita ta bayar, in Alhaji ya yi fushi da ita zai yi, kuma ta saba. Sannan ta dube ni ta ce ai hannun Sule ba ya rawa.

Masta ya juya agogon a hannunsa. Daga nan ya ce da ni, "Kramo, ni ina da ido na tunani, kai kana da hannu. In ya mutu, sunan shago ne ya mutu. Za ka iya?"

Na ce ban sani ba, amma zan so in gwada. Ya ce da na ce zan iya, da bai ba ni ba.

Washegari muka fara. Saboda rashin tabbacin wuta, muka jawo teburina bakin taga, muna aiki da hasken safe kafin hadari ya taso. Muka rufe ƙofa don ƙura, muka shimfiɗa farin ƙyalle har ƙasa. Da na ɗaga murfin baya na sa gilashi a ido, sai da na ja numfashi. Na buɗe agogo iri-iri a rayuwata, amma wannan kamar gari ne guda, hawa kan hawa, kowane ƙarfe an goge gefensa yana ƙyalli, har wuraren da wanda ya ƙera shi ya san babu mai gani. Masta ya leƙo ta kafaɗata ya ce wani abu da Asantanci wanda ma'anarsa ita ce mutumin nan ya ji tsoron Allah.

Tsarin da muka bi shi ne, kafin in cire kowane abu sai na ɗauki hotonsa da waya, sai Masta ya gaya mini abin da yake zaton aikinsa ne, sannan in ɗaga shi da hantsaki in ajiye a gurbinsa cikin tire. A hankali muka gano matsala biyu. Wani ya taɓa buɗe shi tun da daɗewa ya ɗura masa mai fiye da kima, man ya bushe ya zama kamar ƙaro, ya riƙe ɗan faifan da ke daidaita saurin bugu. Wannan mai sauƙi ne, wanki ne da haƙuri. Ta biyun ita ce babba: siririn sifirin, wato ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da ke mayar da guduma ɗaya wurinta, ya karye, rabinsa na kwance a gefe.

Babu inda za a sayo shi, don haka sai dai a ƙera. Masta ya buɗe tsohuwar durowarsa ya fito da guntun ƙarfe daga wani mataccen agogon aljihu. Na zauna da ƙaramin magagari ina ci, ina gwadawa da karyayyen, ina sake ci. In siffar ta fito, sai a gasa shi a kan fitilar sifirit har ya yi shuɗi, don ya samu taushin lanƙwasa ba tare da ya karye ba. Wanda na fara yi ya karye a wurin gashi. Wanda ya biyo baya ya fito da kyau har na yi murna, ina ɗaga shi da hantsaki ya yi tsalle ya ɓace. Ni da Masta, dattijo mai furfura, muka durƙusa muna rarrafe a ƙasa da mayen ƙarfe, har mai waakye, wato shinkafa da wake, da ke kawo mana abinci ta leƙo ta taga ta tambaya ko salla Masta ya fara. Sifirin nan ba mu gan shi ba har yau.

Hajiya kan biyo ta shagon in ta tashi daga kasuwa. Ba ta tambayar yadda aiki ke tafiya, sai dai ta ajiye mana ƙosai ko ayaba ta ce Alhaji ya tambayi ko an sayar, ta ce masa kasuwa ba ta da kyau.

An shiga mako na uku kafin in samu sifirin da ya zauna. Muka wanke komai, muka mayar, muka sa mai da bakin allura, ɗigon da ido ba ya gani sai da gilashi. Na tura harshen. Faifan ya yi wani ɗan zuu, gudumar ta ɗaga, sai muka ji ƙara mai daɗi kamar an taɓa kofin gilashi da cokali. Amma lissafinsa ba daidai ba ne, agogo na nuna goma da 'yan mintoci, ƙararrawa na buga sha ɗaya. Masta ya ce hannuwan ne ba mu ɗora daidai da abin da ke ciki ba. Muka cire su, muka juya har ƙararrawa ta sauya awa, muka mayar da su a kan sha biyu cif. Muka yi kwanaki muna gwada shi a kowane lokaci na yini, har muka tabbata ba ya kuskure.

Ranar Asabar bayan azahar muka tafi Zango, ni da Masta da lauya da ɗan Labanan, don Hajiya ta ce a zo da abokansa. Mun tarar da Alhaji zaune a kan kujera a barandar tsakar gida, ya rame, carbi a hannu. Ya gane muryoyinmu ɗaya bayan ɗaya, ya yi mana maraba, amma a sanyaye. Ya zaci mun zo ne a kan maganar ciniki.

Masta bai ɓoye masa komai ba. Ya ce ya karya ƙa'idarsa, ya buɗe agogonsa ba da izininsa ba, kuma ya zo ya faɗa da bakinsa. Fuskar Alhaji ta sauya. Ya tambayi wanne, da aka gaya masa sai ya ɗaga murya ya ce shi sayarwa ya ce a yi, bai ce a yi masa tiyata a kaya ba, don mutum ya makance ba shi ke nan an daina jin maganarsa a gidansa ba. Hajiya ta matso ta ce, "Alhaji, laifin nawa ne, kuma zan saurari faɗan har ƙarshe. Amma ka fara karɓa tukuna."

Na durƙusa na ɗaura masa a hannu. Ban nuna masa harshen ba, yatsansa ya san inda yake. Ya tura shi, ya kai hannun kusa da kunne.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne Zango ba shagonmu ba ne. Bayan katangar gidan akwai injin niƙa, wanda muke ce wa nikanika, yana ta ruri. A gidan maƙwabta ana dakan fufu. Rediyon wani na ta sharhin ƙwallo, ga makarantar Malam Isa a ƙofar gida ana ta karatu da ƙarfi, ga hon ɗin motocin haya, tirotiro, daga titi. Muryar agogon kuwa ba ta fi ta sauro ba. Alhaji ya saurara, ya sauke hannu, ya ce bai ji komai ba. Ya fara laluben maɗaurin zai kwance.

Hajiya ta juya. Ta gyara mayafi ta fita. Muna zaune muka ji rediyo ya mutu. Can sai dakan ya tsaya. Sai karatun makaranta ya yi ƙasa, ya ɗauke. Injin ne ya fi daɗewa, don daga baya na ji cewa Fuseini mai nikanika ya ce mata ga mata sun yi layi da masararsu, ita kuma ta juya wurin matan ta roƙe su da kanta, ta ce don Alhaji ne. Babu wadda ta tambayi dalili. Injin ya yi tari ya tsaya. Ban taɓa jin Zango ta yi shiru haka da rana tsaka ba, har kukan kurciya muka ji daga kan rufin kwano.

Ta dawo tana haki ta ce, "To, sake."

Ya sake turawa. Wannan karon har mu da ke gefe mun ji. Mai kauri ta buga, ta buga, ta buga. Sai tagwayen suka biyo, sau biyu. Sai siririyar ta kama, leɓɓan Alhaji na motsi yana bin ta. Babu wanda ya yi masa bayani, ya san ƙa'idar tun shekarun da yake karanta labarin irin agogon. Da ta tsaya sai ya ce, a hankali, "Uku da rabi da minti bakwai. Hajiya, duba wayarki."

Ta duba ta ce haka ne.

Ya rufe fuska da ɗayan hannun, kafaɗunsa na rawa, muka rasa ko kuka yake ko dariya, ashe duka biyun ne. Hajiya ta leƙa ƙofa ta ɗaga hannu, sai matan da ke layin niƙa suka rangaɗa guɗa, alhali ba su ma san me ake murna a kai ba. Fuseini ya tayar da injinsa. Masta ya zauna a bakin baranda yana goge ido da hankici yana cewa Hajiya shi ne masta, shi ne masta.

Da Alhaji ya natsu sai ya tambayi sauran agogunan. Hajiya ta ce ai suna Adum ana neman mai saye, kamar yadda ya umarta. Ya ce ta daina wasa da shi. Lauya ya fito da akwatin daga jakarsa ya ɗora masa a cinya. Alhaji ya riƙa zaro su ɗaya ɗaya, yana auna nauyi a tafin hannu, yana shafa gefen, yana wanawa, yana kai wa kunne, sannan ya faɗi wanne ne da inda ya samo shi. Wannan daga Jidda, shekarar da ya fara zuwa aikin hajji. Wannan ranar da motarsa ta farko ta dawo daga Wagadugu lafiya. Da ya kai ga wani mai nauyi, ɗan Labanan ya ce har yanzu yana kan bakansa cewa nasa ya fi shi, nan take gardamar da aka yi watanni ba a yi ba ta tashi. Aka kawo shinkafa da sobolo, wato zoɓo, mai sanyi, Alhaji ya ci har ya nemi ƙari. Da lokacin la'asar ya yi, shi ya ja hankalinmu, bayan ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya saurari agogon da ke hannunsa.

Asabar ta gaba ya dawo Adum, lauya ne ya biya ya ɗauko shi a mota. Daga nan Masta ya sa masa kujera kusa da teburina, kuma ya zama al'ada duk agogon inji da na gama sai na miƙa masa ya saurara kafin a kira mai shi. Wata rana ya riƙe wani a kunne ya daɗe, ya miƙo mini ya ce wannan ɗingishi yake yi, bugunsa na hagu ya fi na dama tsawo. Na ce na auna shi. Ya ce in sake aunawa. Na sake, kuma gaskiyarsa ce.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutane da yawa suna ganin masu tara irin waɗannan agoguna 'yan fariya ne kawai, kuma akwai 'yan fariyar, za ku gan su. Amma akwai waɗanda son abin ya kai musu har zuciya, kuma in ɗayansu ya ce muku agogonsa ba ya jin daɗi, kada ku yi masa musu don na'ura ta ce lafiya lau, ya fi ku zama da shi. Sannan in aka ajiye muku aiki a tebur, kada ku yi saurin ɗaukar sukuddireba. Ku fara tambayar wa zai ɗaura shi, da halin da yake ciki, da kuma inda zai saurare shi. Ni dai tun daga lokacin ban ƙara cewa na gama aiki don agogo ya tashi a kan teburina ba, sai na ga ya tashi a hannun mai shi.